Wanda Ya Tsallake Layin Alli

Otto Brandl ya cika ranar Lahadi da hantsi a ɗakin likita, bai ƙara buɗe ido ba tun da ƙwallo ya same shi a bayan kunne a filin wasanmu. Kafin a tashi daga coci mutanen Kettle Ford sun gama shari'a sun yanke hukunci, igiya kawai suke jira. Wanda ya yi jifar Linus Prather ne, mai jifar ƙungiyarmu ta ƙwallon gora, kuma shi kaɗai ne baƙar fata a cikinmu. A garinmu wannan ya isa shaida.

Sunana Eamon Tully, ni ne mai cafka. Ni nake tsugunawa bayan mai riƙe da gora ina tare duk abin da Prather ya jefo, a zamanin da ba ma sa komai a hannu sai 'yar fatar da ko yatsu ba ta rufewa. Yatsuna goma, babu biyun da suke kallon wuri ɗaya. Shekarar 1885 ce. Zan ba da labarin nan yadda Hiram Stroud ya gano shi taki bayan taki, ba yadda ni na san shi ba.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru muna gaban 'yan Marlow da ci ɗaya, an shiga turmi na takwas. A lokacin da ƙwallo ɗaya ake wasa tun farko har ƙarshe, ko ya yi baƙi ya yi laushi, alƙalin wasa kuma yakan ɗiga masa tawada kafin a fara don kada a yi musanya. Wani ɗan Marlow ya buga ƙwallon ya kauce, ya faɗa doguwar ciyawar da ke can kusurwar dama. Kyaftin ɗinmu Fergus Dunn, mai tsaron wajen, ya shiga ya fito da shi ya wurgo mini, na miƙa wa Prather. Sai Brandl ya ɗauki gora, shi ne gwanin bugunsu. Tun a turmi na biyu ya kira Prather da sunan da ba zan maimaita ba, mutum dubu biyu suka ji, rabinsu suka yi dariya. Jifar farko ce ta same shi.

Prather ya gaya wa sherif, shugaban 'yan dokan garinmu, cewa ƙwallon sanyi ne da shi, yana gumi, suɓuce masa ya yi. Sherif Boyle ya tuna masa cewa ana tsakiyar watan Agusta, ranar da ko karnuka ba su iya haushi. Da aka tambaye ni, na ce hannuwana sun daɗe da daina jin zafi ko sanyi. An yarda da ni.

*

Keziah matar Prather ce ta taka mil tara zuwa bukkar Stroud. Tsohon mai bin sawu ne na soja, yanzu ɓatattun shanu da ɓarayin dawaki yake nemo wa manoma. Bai taɓa kallon wasanmu ba. A ganinsa ƙartai ne masu gemu suke tsere cikin kayan barci. Saboda haka yana buƙatar wanda zai nuna masa inda kowa ya tsaya, kuma Mista Hessler, mai ƙungiyar kuma mai kamfanin giyar garin, ya zaɓe ni. Ya dafa kafaɗata ya ce in raka tsohon, duk abin da ya gani ni ma in gani.

Mun shiga filin ranar Litinin da safe. Sherif ya rufe shi da mai gadi tun ranar Asabar, amma tsakiyarsa ta zama kamar an kora garke, don jama'a sun yi ca a kan Brandl lokacin da ya faɗi. Stroud bai ma kalli wajen ba. Ya tambayi inda ƙwallon ya je kafin jifar ƙarshe, na nuna masa da haɓa.

Ya daɗe a cikin ciyawar nan, yana buɗa ta da sandarsa kamar mai neman ƙwan zabi. Can ya kira ni. Gwangwani ne babba irin na zuma, an binne shi har wuya, cike da ruwa da garin katako, irin wanda ake rufe ƙanƙara da shi don kada ta narke. Taki uku daga wajen kuma ga ƙwallo kwance, da ɗigon tawadar alƙali a jikinsa.

"Malam mai cafka," in ji shi, "me sanyi yake yi wa ƙwallo?"

Na ce na ji ana cewa in ya kwana a ƙanƙara yakan yi nauyi, ko an buga ba ya nisa.

"Ji ka yi?"

"Ji na yi."

Ya gyaɗa kai ya naɗe ƙwallon a hankicinsa. Ƙwallon da ke aljihun teburin sherif, wanda ya kashe Brandl, da aka duba babu tawada a jikinsa.

Keziah ta yi kukan murna a bakin ofishin sherif, ta ɗauka mijinta zai kwana gida. Ba ta san garinmu ba. Kafin azahar labarin ya juya. Dunn ya rantse cewa shi ƙwallo ya gani a ciyawa ya ɗauka, bai tsaya duba tawada ba. Wani kuma ya tuna cewa ana gama turmi na bakwai an ga Prather ya bi ta kusurwar nan ya zagaya bayan shinge. Gaskiya ne ya bi, don ba a yarda ya shiga ban-ɗakin 'yan wasa ba, can yake zuwa fitsari. Amma wannan ba wanda ya tuna. Aka ce shi ya binne gwangwanin, shi ya fito da ƙwallon ya ajiye, don ya kashe mutum ya ce suɓucewa ce. Da safe laifin fushi ake zarginsa da shi, da rana ya koma kisa da shiri, wanda hukuncinsa rataya. Abin da binciken Stroud ya fara jawo masa ke nan.

*

Stroud ya fara da tsoho Pettibone mai gyaran fili. Me ya sa ko'ina an aske shi tas, kusurwar nan kawai aka bari har gwiwa? Pettibone ya tofar da ruwan taba ya ce oda ce daga sama, shi kuwa ba a ɗauke shi aikin tambaya ba. Ya ce ranar Alhamis an yi ruwa, ƙasa ta yi laushi, sai ranar Asabar da sassafe ya iya zana layukan alli. Ya rantse da kabarin matarsa bai ga gwangwani ba. Yana ta rawar baki har na fara jin daɗi, na ce a raina tsohon zai iya ɗaukar laifin.

Daga nan muka gangara rumbun ƙanƙara na kamfanin giya. Gruber mai kula da wajen ƙato ne mai ƙaramar murya. Ya ce ranar wasa kowa zuwa yake ya tsinki ƙanƙarar sanyaya ruwa, 'yan wasa da masu sayar da lemo, har matar limamin coci. Stroud ya tambaya ko Prather ya zo. Gruber ya yi dariya ya ce wannan ko bakin ƙofa ba a barinsa. Da ya lura amsar taimakon Prather take yi, sai ya gyara ya ce ai ƙofar baya ba ta da kwaɗo.

A gidan yari Prather yana zaune a kan benci, hannunsa na dama a kan gwiwa, yana kallonsa kamar na wani. Ni a baranda na tsaya. Stroud ya karɓi takalminsa na yawo ya jujjuya. Irin na kowa ne, daga kanti ɗaya duk mazan garin suke saye, girmansa kuma ɗaya da nawa da na Dunn da na rabin ƙungiyar.

"Baba, na faɗa tun kafin in jefa," in ji Prather. "Na ce ƙwallon nan gumi yake. Tully ya ji ni."

Stroud ya waiwayo. Na ce ihun jama'a ya yi yawa.

Prather bai ɗago kai ba. Shekara biyu muna aiki tare, ya san ko numfashinsa ya sauya ina ji daga inda nake tsugune.

*

Ranar Talata Stroud ya koma filin, wannan karon ta ƙaramar ƙofar baya wadda 'yan kallo ba sa bi. Na same shi rub da ciki, kuncinsa a ƙasa, yana kallon yadda hasken safiya yake kwanciya a kan taɓon da ya bushe. Ya nuna mini sawun takalmin yawo da ya taso daga ƙofar ya nufi ciyawa. Ƙafar dama ta fi nutsewa, wato mutumin yana ɗauke da kaya mai nauyi a dama. Takun gajere ne, daidai wa daida, har zuwa layin allin da ya raba cikin fili da wajensa. A nan sai taki ɗaya ya yi tsawon biyu. Garin katako ya fantsama a kan allin, shi kuwa allin ko ƙwarzane babu.

Ya aika a kira Pettibone, ya cika gwangwanin da ruwa ya ba shi, ya ce ya kai masa ciyawa. Pettibone ya ɗauka yana ƙunƙuni, ya taka layin ɓaro-ɓaro ya wuce.

"To me zai sa mutum da kaya a hannu ya yi tsalle a fili shimfiɗaɗɗe?" in ji Stroud.

Pettibone ya ƙyalƙyale da dariya har ruwan ya zube masa a wando. Ya ce ai wannan ɗan wasa ne, ba sai an faɗa ba. Ɗan ƙwallon gora ba ya taka layin alli, ko da gidansa ne yake cin wuta a wancan gefen. Sun yarda duk wanda ya taka ya kashe sa'ar ranar.

"Dukkansu?"

"Ban da Prather. Shi takawa yake da gangan, wai uwarsa a coci ta rene shi, ba gidan boka ba. Duk wasan da aka ci su, sai su ce ƙafarsa ce ta jawo. Dunn ya taɓa cin tararsa a kan haka. Ka tambayi Tully mana."

Na ce haka ne. Stroud ya yanki kara ya auna sawun da ke bayan layin, tsawonsa da karkatarsa, ya sa a aljihu. Sannan ya ce in zo in ga wani abu. Yana wancan gefen layin, ina wannan. Na ce rana ta yi, matata tana jirana. Na koma ta inda na fito.

*

Ranar Laraba da tsakar rana Stroud ya sa sherif ya tara kowa a rumfar da muke sauya kaya. Da na zo, na tarar an yayyafa ruwa a bakin ƙofar, an share ƙasar sumul, an ja layin alli ɗaya daga wannan dirka zuwa waccan. Stroud yana zaune a kan ganga a gefe yana fere sanda.

Ina tsaye ina gani. Mista Hessler ya taka ya shiga, agogonsa na zinariya yana lilo. Sherif ya taka. Gruber da Pettibone suka taka. 'Yan wasa kuwa ɗaya bayan ɗaya suna hira suna tsallakewa, ba wanda ya ko kalli ƙasa. Dunn ya tsallake. Aka kawo Prather da ankwa, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan allin kamar kullum. Duk wanda ya wuce, Stroud yakan miƙa karan nan ya gwada sawunsa, ya girgiza kai, ya share.

Ni kaɗai a cikin 'yan wasa na san amfanin layin nan. Na ƙudurta a raina zan taka shi. Taki goma ne tsakanina da ƙofar, kuma a kowane ɗaya ina ce wa ƙafata taka, taka kawai. Shekara goma sha bakwai ina tsallake alli, tun ina wasa a bayan masaƙa. Da na iso, ƙafar ba ta shawarce ni ba. Na tsinci kaina a wancan gefen, na dira a kan ta hagu, wadda gwiwarta ta taɓa karyewa ta ɗore a karkace, yatsunta suna kallon waje.

Stroud ya sauko daga kan ganga ya ɗora karansa a kan sawuna. Bai girgiza kai ba.

Sauran ba sai ya faɗa ba, ni na san shi. Dunn ne ya zo mini da dabarar ranar Juma'a, ya ce in wasa ya matse kuma Brandl na tafe, za a musanya ƙwallo. Mista Hessler da hannunsa ya fasa ƙanƙarar. Ni na kai gwangwanin ranar Asabar da hantsi kafin a buɗe ƙofofi. Dunn ya yi musanyar a cikin ciyawa. Da ƙwallon ya faɗo hannuna na ji sanyinsa har cikin ƙashi, don yatsun da suka karye sun fi kowane jin sanyi. Ba wanda ya gaya wa Prather komai, ba ma saka shi a shawara. Ya jujjuya ƙwallon ya ce, "Tully, wannan gumi yake." Na ce hannunka ne, jefa mu tashi.

Stroud ya jera musu abin da ƙasa ta nuna, a taƙaice, kamar mai faɗin inda saniya ta bi. Wanda ya binne gwangwanin ɗan wasa ne mai tsallake alli, mai karkatacciyar ƙafar hagu. Prather ba ya tsallakewa. 

"Tully," in ji sherif, "wa ya aike ka?"

Na kalli Mista Hessler. Bai bar ni na wahala ba, mutum ne mai tausayin ma'aikatansa. Ya miƙe ya ce shi bai san wata doka a jihar Ohio da ta hana sanyaya ƙwallo ba, kuma ba wanda ya yi nufin kisa. Amma in maganar gwangwani ta kai kunnen hukumar gasar, za a kori Kettle Ford gaba ɗaya. Mutum goma sha ɗaya za su koma masaƙa, gari zai rasa abu ɗaya da yake taƙama da shi. Ya tambayi sherif ko yana so a ce a zamaninsa aka yi haka, ga zaɓe na tafe.

Sherif ya yi nazari na tsawon lokacin da ake ɗauka a cika lofe da taba. Ya ce a ganinsa haɗari ne, ba shari'a. Ya kwance wa Prather ankwa.

Da a nan aka tsaya, da ina iya barci. Amma mutum ya mutu, 'yan Marlow da hukuma suna jiran a ba su suna. Mista Hessler ya zaro takarda daga aljihu, a rubuce tsaf tun kafin ya zo. Ta ce Linus Prather ya yi jifar ganganci cikin fushi, ƙungiya ta sallame shi, tana roƙon a sa sunansa a baƙin kundi, kada wata ƙungiya ta ƙara ɗaukarsa har abada. Babu ƙanƙara a ciki, babu gwangwani. Dunn ya sa hannu. Saura sa hannun mai cafka, don a wasanmu maganarsa ce hujja, shi yake sanin jifar da ya nema da wadda aka jefo masa.

"Ranka ya daɗe, in na ƙi fa?" na ce.

"Sai a sauya sunan da ke ciki," in ji shi, yana murmushi. "Suna ɗaya suke so, Eamon. Ba su damu da na wa ba."

Ina da 'ya'ya huɗu. Na sha faɗa wa kaina haka tsawon shekaru, kamar Prather ba shi da biyu. Alƙalamin ya ƙi zama a yatsuna, sai da na damƙe shi a dunƙule kamar wuƙa. Na sa hannu.

Prather yana murza wuyan hannunsa inda ƙarfe ya ci. Ya zo ya tsaya a gabana, bai ɗaga murya ba.

"Shekara biyu ina karya maka yatsu, Tully, ko sau ɗaya ban ji ka ce wayyo ba. Har gida nakan ba Keziah labarinka. Na ɗauka namiji ne kai."

Ya fita. Keziah tana jiransa a rana, ba ta kalli kowa ba.

Stroud ya karya karan awonsa biyu ya yar. Mista Hessler ya bi shi da godiya yana cewa ya ceci mutum daga igiya. Tsohon ya ce shekara arba'in yana bin sawun dabba da na ɓarawo, bai taɓa kai mutane har bakin abin da suke nema ba, su kuma ce ba shi ba ne, sai yau. Ya ce kada a ƙara aika masa daga garin nan, ko saniyar wa ta ɓata.

*

Mun ci gasar a shekarar. An shafa wa ƙwallon wasan ƙarshe ruwan zinariya an ajiye a tagar kamfanin giya. Pettibone ya aske kusurwar dama. Na ƙara shekara tara ina cafka, ranar da na daina kuma aka yi mini liyafa da jawabai, aka kira ni mutum mai amana.

Prather bai ƙara riƙe ƙwallo a gaban 'yan kallo ba. Ya je garuruwa uku da sunan aro, ko'ina takardar ta riga shi isa. Na ji ya ƙare a wajen gasa bulo a bakin kogi, hannun da ya fi kowane iya jifa a jihar nan yana loda wa keken doki kaya. Na rubuta masa wasiƙa sau biyu, ban aika ko ɗaya ba. Ya rasu yana da shekara arba'in da ɗaya.

Ina jin haushin Hessler, ina jin haushin Dunn da sherif da garin nan da yake tafa mini. Amma su ba su ji sanyin ƙwallon a hannunsu ba, ni na ji. Yanzu na tsufa, da sanda nake tafiya, filin ma an gina shaguna a kansa. Makon jiya masu gyaran titi suka ja layin alli a ƙofar gidana. Na fito zan je coci, 'yata tana riƙe da hannuna, sai ta ji na fizge.

"Baba, me ye haka? Za ka faɗi."

Na duba, ina wancan gefen, allin ko ƙwarzane babu.